Bakin Kawu Zahari

Ni na kai sunan Kawu Zahari, ba wani ba. Gara in fara da wannan, don kada a yi nisa cikin labari wani ya ɗauka ni ce mutuniyar kirkin da ke ciki.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina nemo wa finafinan Amurkawa mutane a nan birnin Sofiya. Idan suna son soja ɗari biyu masu fuskar mugunta, ni ake kira. Idan suna son tsohuwar da za ta ɗaga kai ta yi ihu gini ya rufto mata, ni ce dai. Ta hannuna rabin mutanen unguwar Lyulin sun mutu sau uku-uku a tsakiyar New York, alhali galibinsu ko ƙofar filin jirgi ba su taɓa takawa ba.

Fim ɗin da ya zo mana a waccan shekarar shi ne na uku a jerin Garwashi, jarumin nan da jikinsa ke kamawa da wuta idan ransa ya ɓaci. Shekara shida ana dafa shi kafin ya iso gare mu. Marubuta tara suka sa masa hannu, kowa ya zo sai ya goge na wanda ya riga shi. An sallami darakta biyu tun ba a kunna kyamara ba. An yi zama goma sha huɗu a kan launin takalmin jarumin, ƙarshe dai kamfanin da ke ƙera 'yar tsanarsa ta yara ne ya yanke hukunci. A allunan hanyar sutudiyo kuwa, can gindin dutsen Vitosha, an rubuta "Miyar Kabewa", wai don kada kowa ya gane abin da ake yi. Duk direban tasin da ka ce wa Miyar Kabewa sai ya ce, "Wajen Garwashi ke nan," ya tada mota.

Abu ɗaya ne suka tsare da gaske: ƙarshen fim ɗin. Duniya ta ƙagu ta ji ko Garwashi zai mutu. Saboda haka kowace safiya a liƙe mana idon waya da takarda a bakin ƙofa, a buga labarin a jar takarda wadda injin kwafi ba ya iya ɗauka, a lulluɓe 'yan wasa da baƙin mayafi daga ɗakin shiri zuwa zauren ɗauka, cikin zafin watan Agusta, suna tafe suna cin karo da tukwanen fure.

Wadda ke riƙe da wannan sashe ita ce Madam Corliss, 'yar siririya mai yawan murmushi, irin murmushin da ke sa mutum ya laluba aljihunsa. Wata Litinin ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa.

"Nevena, za mu ɗauki ƙarshe na ƙarya," ta ce. "Garwashi ya mutu a hannun ubansa. Ba zai shiga fim ba. So muke labarin ya fita, mutane su yi ta fama da shi, su bar mana na gaskiya."

"To ku sake shi mana."

"In mu muka sake, yaran intanet za su gane cikin awa guda. Sai ya fito daga bakin wanda ya yarda da shi. Dattijo nake so, mai kwarjini, ɗan wasa na gaske, wanda bakinsa ba ya riƙe magana. Kuma kada ya sani."

Ba ta rufe baki ba fuskar Kawu ta tsaya mini a ido. Ta ƙara da cewa akwai finafinai uku a hanya, kuma tana son ta riƙa aiki da mutum ɗaya da ta sani. Na ce mata ta ba ni zuwa gobe, alhali ko minti ɗaya ba na bukata.

Kawu Zahari yayan mahaifiyata ne. Shekara arba'in ya yi a gidan wasan kwaikwayo na lardi, kuma a cikin arba'in ɗin nan shi ne bawan da ke shigowa da wasiƙa a faranti, ya rusuna, ya fita. Abin da ba a ba shi ya faɗa a dandali ba, sai ya rama a gari. Ranar da na yanke shawarar rabuwa da mijina, Kawu na fara faɗa wa da safe, na roƙe shi ya riƙe. Kafin tsakar rana mai sayar da burodi ya yi mini jaje. Mijin nawa shi ne na ƙarshen ji, a bakin kwandastan taragun da ke jigilar mutane cikin gari. Ban manta ba, kuma zan yi ƙarya idan na ce wannan bai taya ni yanke shawara ba.

Na same shi inda yake kullum, gidan kofin Penka, yana buga tabla, wasan allo da ake jefa 'ya'ya, da abokinsa da ake kira Bai Dimcho, tsohon ma'aikacin gidan waya. Na ja shi waje na ce ana son sa a babban fim, har da magana.

"Wasiƙa zan kai wa wa?" ya ce.

"Ba wasiƙa, Kawu. Uba za ka fito."

Ranar sa hannu ya zo da kwat da laktaye. Takardar alkawarin riƙe asiri shafi arba'in ce, kowa ƙarshenta yake buɗewa ya rattaba hannu. Kawu ya sa tabarau ya karanta fassarar daga fari har ƙarshe, muna zaune muna kallon silin. Lauyan kamfanin, wani saurayi mai fararen haƙora, ya gaji da jira, sai ya ɗauko irin maganar da suke yi wa kowa har mai shara. Ya dafa kafaɗarsa ya ce in fassara masa: "Mun zaɓe ka ne don mun amince da kai."

Na fassara ina danne dariya. A taragu muna komawa Kawu ya yi shiru tasha uku, abin da ban taɓa gani ba.

"Kin ji abin da yaron nan ya ce?" ya ce a ta huɗu. "Shekarata saba'in da ɗaya, 'yar nan. Ko uwarki ba ta taɓa ba ni ajiyar magana ba."

Na ce masa ai Amurkawa sun san mutane. Ni dai lissafi nake yi a raina cewa kafin Asabar labarin ya kai har birnin Plovdiv.

Aka yi ɗaukar wata Alhamis da rana, a ƙaramin zaure, bango kore, ƙasa kore. Babban tauraron yana London, don haka Kiril ne ya sa rigar, wani ɗan kokawa daga Pernik, an ɗiɗɗiga masa fuska da baƙin alƙalami don a ɗora ta tauraron daga baya. Darakta bai leƙo ba, mataimakinsa na uku aka turo, yana cin tuffa. Aka nuna wa Kawu wata ƙwallo a kan sanda aka ce birni ne ke ci da wuta. A fim ɗin, shi tsohon mai gyaran agogo ne wanda ya yar da ɗansa Garwashi tun yana jariri. Garwashi zai faɗo a jikinsa, wutar ta mutu, shi kuma ya faɗi layi uku.

Na yi tsammanin zai cika zauren da murya irin ta lardi, har na shirya jin kunya. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Da Kiril ya faɗo, Kawu ya tare shi ya zauna da shi a ƙasa, ya faɗi layinsa a hankali. Sannan ya yi abin da babu shi a jar takarda: ya miƙa hannu ya kwance takalmin nan na zama goma sha huɗu, ya zare shi sannu-sannu yadda ake cire wa yaron da barci ya ɗauke, ya ajiye a gefe, ya riƙe tafin ƙafar cikin hannunsa.

Ni kaɗai a wurin na san inda ya koyi wannan. Ɗansa Stoil yana da shekara goma sha tara babur ya kashe shi a hanyar Samokov, kuma Kawu ne ya cire masa takalmi a asibiti.

Mai riƙe da sandar ƙwallo ya sauke ta bai sani ba. Kiril, wanda aka ce ya mutu, kafaɗunsa suka kama rawa cikin rigar roba. Mataimaki na uku ya duba agogo ya ce, "Ya yi kyau. A tafi cin abinci."

Daga nan muka zauna jira. Madam Corliss tana da mutum shida a wani ɗaki a Los Angeles waɗanda ba su da aiki sai bin intanet suna neman kalmar "mai gyaran agogo". Mako ya wuce. Biyu suka wuce. Wata ya cika, ko tari ba a ji ba.

"Kin ce mini bakinsa ba ya riƙe ruwa," ta ce, murmushin nan na nan.

"Ki ƙara masa kwana biyu. Tarawa yake yi."

Na nufi gidan kofi. Penka ta tare ni tun daga ƙofa, tana goge hannu da tsumma.

"Ke Nevena, me kuka yi wa kawunki? Ku kai shi asibiti. Wata guda ban ji sirrin kowa ba, har ciniki ya ja baya. Giyar rakiya ma ya daina sha, wai tana sakin harshe."

Kawu yana can kan tabla, ya miƙe wuya. Bai Dimcho na ta zungurarsa.

"Haba Zahari, ni fa abokinka ne tun muna da gashi. Me aka ba ka? Gawa ta nawa ka fito daga hagu?"

"Miyar kabewa muka dafa," in ji Kawu. "Jefa, kai ake jira."

"Ka ji shi. Mutumin da ya gaya wa duniya basur ɗina."

"Naka ai ba ka sa ni sa hannu ba."

Ranar Lahadi na je gidansa da banitsa mai zafi, wainar fulawa mai cuku, da kwalbar rakiya ta inabi, irin wadda ba ya iya kauda kai a kanta. Ya ci banitsa, ya mayar da kwalbar kan kabad. Na yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe na ce ai Penka ta gida ce, ko ita ya ɗan ɗanɗana wa, tunda damuwa take yi.

Ya ajiye cokali ya dube ni ta saman tabarau.

"Ke da kike cikin aikin kike wannan magana? Idan ya fita, wa za su fara kamawa? Wadda ta kawo ni. Ke nake karewa, shashasha. Ko a kabarin Stoil ban faɗa ba, don masu sharar maƙabarta kunne gare su." Ya tashi ya buɗe durowa ya nuna mini baƙar kwat ɗin aurensa, an rage mata ciki. "Ta ranar nunawa ce. Layin kujeru guda zan kama a silima, har da Dimcho, ya zauna ya gani da idonsa."

Na koma gida ban iya cin komai ba. Mutumin da ya yi shekara saba'in yana zubar da magana ya zaɓi wannan lokacin ya zama mai amana, kuma abin haushin, saboda ni.

A mako na bakwai asirin gaskiya ya fara yoyo daga wani kamfanin da ke zana wutar Garwashi a kwamfuta. Madam Corliss ta daina murmushi. Ta ce idan Juma'a ta yi labarin ƙarya bai fita ba, za ta nemi wanda ya fi ni sanin mutanensa.

Lokacin gashin tattasai ne, duk unguwa na ƙamshinsa. Na tarar da Kawu a baranda da kwano a cinya yana ɓare wa gasasshen tattasai fata. Ban zauna ba. A tsaye na faɗa masa komai: ƙarshen ƙarya ne, ba zai shiga fim ba, ba a taɓa nufin ya shiga ba, kuma an ɗauke shi ne don ya yi surutu.

Hannunsa bai tsaya ba. Ya gama wanda ke hannunsa, ya ɗauki wani.

"Kyamarar tana ɗauka?"

"Tana ɗauka, Kawu."

"Wa ya kalla?"

"Ba kowa. An kulle shi."

Ya gyaɗa kai. "Su ba su san ni ba. Wa ya gaya musu halina?"

"Ni."

"Ai kuwa kin iya aikinki," ya ce, ba da faɗa ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. "In ban faɗa ba fa?"

"Su sallame ni."

Ya tsame yatsunsa a ruwa, ya goge su ɗaya bayan ɗaya. "Wace rana ake so?"

Talata da tsakar rana, lokacin da 'yan jami'a ke cika gidan kofin Penka, Kawu ya shigo ya ce a ba shi rakiya babba. Penka ta yi alamar gicciye don murna. Ni ina kusurwa. Ya sha, ya ƙara, ya fara ba da labarin yadda Amurkawa ke cin abinci a tsaye. Bai Dimcho ya ga ƙofa ta buɗe ya danna kai.

"To kai me ka yi a ciki, ban da cin abincinsu?"

"Ba zan faɗa ba. Na sa hannu."

"Don ba ka yi komai ba ne. Faranti aka ba ka."

"Faranti?" Kawu ya buga tebur. "Mutumin da Garwashi ya mutu a cinyarsa kake ce wa faranti? Uban da ya haife shi?"

Ya toshe bakinsa da hannu. Idanunsa suka firfito, ya waiga hagu da dama, ya kama roƙon mutane ɗaya-ɗaya su rufa masa asiri, yana roƙon yana ƙara bayani, har agogon, har wutar da ta mutu. Wayoyi huɗu na ƙirga a sama. Wanda duk ya gani zai rantse tsoho ne giya ta kwashe. Ni da na san shi na lura tukunyar furen da ke gefensa ce ta sha rakiyar. Shekara arba'in ba wanda ya ba shi babban matsayi, sai ga shi ya samu biyu a kaka ɗaya, kuma a na biyun kansa ya fito.

Kafin rana ta faɗi hoton ya kai Brazil da Koriya. Washegari kamfanin ya fitar da sanarwar ɓacin rai a kan "wani tsohon ɗan wasa da ya ci amanar da aka ba shi". Na san sanarwar. Tun watan Agusta na gan ta a teburin Madam Corliss, an bar gurbin suna. Jaridun gari suka ɗauka, suka ce ya kunyata ƙasa, irinsa ne ke sa baƙi su kwashe aikinsu su kai Budapest. Wata mata ta tofar da yawu a gabansa a kasuwa. Madam Corliss ta aiko mini da furanni da takardar finafinai uku, na kuwa sa hannu, ban karanta ba.

Fim ya fito a watan Mayu. Garwashi bai mutu ba, ba shi ma da uba, daga cikin wani dutse aka ce ya fito. Duniya ta yi mamaki yadda ake so ta yi. Kawu kuwa, da yake maci amana ne a kaka, sai ya wayi gari maƙaryaci a bazara.

Na shiga gidan kofin a makon, na tarar an sa shi a tsakiya.

"Sau biyu na kalla, Zahari," in ji Bai Dimcho. "Na biyun har da tabaran matata. Na ga dodo, na ga jirgi, na ga wata tsohuwa 'yar Lyulin gini ya danne ta. Ina mai agogo?"

"Wataƙila ya je gyara ne," wani ya ce daga baya.

"Kai Zahari," Penka ta ce tana ajiye masa kofi, "da can ko me ka faɗa gaskiya ne, shi ya sa ake tsoronka. Yanzu har ƙirƙira ka koma? Tsufa bai yi maka adalci ba."

Aka yi dariya. Kawu ya girgiza 'ya'yan tabla a tafinsa ya jefa. Kalma goma ta ishe shi ya wanke kansa, kuma duk wanda ke wurin ya san kalma goma ba ta taɓa yi masa wuya ba. Na miƙe.

"Ku saurara, ni zan gaya muku yadda aka yi."

"Zauna, Nevena," ya ce, bai ko ɗago ba. "Kofinki zai huce."

Na zauna. Da ya gama wasan na raka shi tashar taragu. Yana sanye da baƙar kwat ɗin nan da aka rage wa ciki, ya ce tunda an riga an gyara ta ba zai bar wa asu ba.

"Kawu, ka bar ni in faɗa musu. Ko Dimcho kaɗai."

"Dimcho? Ai kafin yamma ya kai Plovdiv." Ya gyara laktaye. "Shafi na talatin da ɗaya, 'yar nan. Duk abin da mutum ya sani game da yadda aka yi fim ɗin, ba ranar da zai fita daga bakinsa. Ke ba ki karanta taki ba, na sani. Kuma yaron nan ya ce sun amince da ni."

"Ƙarya yake yi. Haka yake gaya wa kowa."

"Na sani," ya ce. "Shi ya yi ƙarya. Ni kuwa na sa hannu."

Taragu ya zo, ya hau, ya ba wata mai ciki wurin zama ya tsaya riƙe da ƙarfe.

Shekara biyu ke nan. Har yau yana zuwa wajen Penka, har yau "Mai Agogo" suke kiransa, yana amsawa. Bai gaya wa kowa ba, ko uwata, ko kabarin Stoil. A danginmu dai an samu wanda bakinsa ya kasa riƙe wannan magana, kuma ga shi kun gama jin ta daga gare ta.